Kafin Ka Ajiye wa Rabi Ƙoƙo

Daga Tiga, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mai ɗakinka, da fatan wannan takarda ta same ku kun sauka Doguwa lafiya, kaya ba su zube a hanya ba, yara ba su yi amai a jikin mutane ba. Allah Ya tsare ku, Ya sa ka shiga sabon wurin aikinka da ƙafar dama.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Dalilin shi ne na san halina. In na zaunar da kai a zaure da niyyar nasiha, kafin in kai tsakiya na sako abin dariya, ka yi dariya, in yi dariya, mu kakkaɓe riguna mu tashi ba a faɗi komai ba. Takarda kuwa ba ta dariya. Shi ya sa zan cusa ta a bakin buhun gero, don kada ka gan ta sai kun isa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san iyakar bokona ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ko a can ɗin ba a tabbatar da wanda ya ci yaƙin ba. Kada ka ɗauko jan biro ka bi ni da gyara, ni ba ɗan ajinka ba ne.

Jiya ina ɗinkin taru a gindin katanga na ji kana gaya wa mai ɗakinka ta daina zubar da ƙwallon tsamiya, ta kuma nemo ƙoƙo biyu, ɗaya na ɗanka Iro, ɗaya na Rabi. Har na ji ka ce, "Ai da shi Baba ya yi mana tarbiyya, ga shi mun zama mutane." Na ji daɗin yabon, don ba kullum nake samu ba. Amma sai da na soke yatsana. Kai yaro ne a lokacin, abin da ka riƙe shi ne rake da akuya. Ni da na ƙirƙiro abin, ni na riƙe sauran.

Iro ba ya ba ni tsoro. Bakinsa ya isa ya ƙwato masa haƙƙinsa ko a gaban alƙali. Rabi ce damuwata. 'Yar yayarka ce, Allah Ya jiƙan uwarta, ubanta direba ne da ba ya zama, ba ta san kowa ba sai ni da innarku. Ƙafafun innarku sun gaji, ga shi kuma muna so ta yi makaranta, shi ya sa muka ba ka ita. Abin da nake so shi ne ta san gidanka gidanta ne, ba masauki ba ne da ake biyan zamansa da aiki. To bari in ba ka labarin ƙwallon nan tun daga tushe.

Mu ubanmu da tsamiya ya yi mana tarbiyya, amma da reshenta. Tsumagiya ce malamarmu, har yau in na wuce gindin tsamiya bayana yakan gaishe ta kafin bakina. Da na shiga ajin manya, can tsohon garinmu da ruwan dam ya cinye, sai na ga wani abin mamaki. Malaminmu, yaro ne ma da bai kai ni ba, yakan ɗauki jan fensir ya ba mutum maki. Na ga dattijo mai furfura, mai mata da jikoki, yana gumi a kan harafi ɗaya don a ce masa ya ci tara cikin goma. Ba a ci, ba a sha, ba a sayarwa, amma mutane na neman su yi faɗa a kansa. Na ce a raina, ashe an daɗe ana wahalar da tsamiya a banza.

Na dawo gida na tara ku, ku uku: yayarka, da kai, da ƙanenka Sale. Na ba kowa ƙoƙo. Na ce wanda ya yiwo ciyawar akuya, ƙwallon tsamiya ɗaya. Wanda ya share tsakar gida, ɗaya. Ɗebo ruwa daga rijiya, biyu. Ranar kasuwa a zo a juye a gabana, goma gaɓar rake, ashirin alewa da ƙuli-ƙuli. Innarku tana tuƙa tuwo ta ce, "Malam, yanzu 'ya'yan namu za mu ɗauka ƙodago?" Na ce mata ilimin zamani ne, ba za ta gane ba.

Gaskiya a farko abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Gidanmu ya yi fes. Akuya ta ƙoshi har ta fara zaɓen ciyawa. Kai da ake jan ka daga tabarma da asuba kamar buhu, ka koma tashi kafin zakara. Na riƙa zama a majalisa ina ba maza darasi. Har wani maƙwabcinmu ya fara kira na Baturen Tsamiya, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce.

Kuskurena na farko, wanda ko jaki ba zai yi ba, shi ne na zaɓi ƙwallon tsamiya a gidan da ake dama kunun tsamiya kullum safiya. Kasuwa ta biyu ko ta uku, sai ga ka da ƙoƙo cike har yana zuba, Sale na biye da kai da nasa a cikin hula. Na duba tsakar gida, ban ga aikin da ya kai haka ba. Ashe kun gano juji. Duk abin da innarku ta tace ta zubar, ku bi ku tsince, ku wanke, ku shanya a bayan rumbu. Na ce, "Habibu, wannan fa?" Ka dube ni ido cikin ido ka ce, "Baba, ai ka ce ƙwallo goma rake. Ba ka ce daga hannunka ba." Na sayi raken, don alƙawari ne, na kuma koma ƙona kowane ƙwallo da ƙusa mai zafi don in san nawa. Sai da na ƙone babban yatsa sau ba adadi.

Darasin nan shi ne: duk dokar da ka kafa wa yaro, zai karance ta fiye da kai, don kai kana da gona da bashin tunani iri-iri, shi kuwa ita kaɗai ce aikinsa. In ya samu ƙofa ya bi, kada ka kira shi ɓarawo. Kai ka bar ta buɗe. Ka cika alƙawarinka, ka toshe ƙofar, ka yi dariyarka a ɓoye. Wannan zai yi maka amfani ko a aji.

Na biyu ya fi wannan muni. Da na ga abin na tafiya, sai na zarme. Gaisuwar safe, ƙwallo. Salla a kan lokaci, ƙwallo. Zuwa makarantar allo ba kuka, ƙwallo. Wanke hannu kafin cin tuwo ma sai da na sa masa farashi. Na mayar da gida kasuwa, ni ne sarkinta. Kai kuma ka zama ɗan kwangila: ka karɓi aikin ruwa a kan biyu, ka ba Sale ɗaya ya ɗebo, kana zaune a inuwa kana lura. Da na gano ban ma yi fushi ba, cewa na yi yaron nan zai yi arziki. Ga shi ka ƙare a malamin makaranta, duban nawa bai ci ba.

Ranar da abin ya fito fili ina zaune ina gyaran fartanya. Kakarku Iya, mahaifiyata, wadda a lokacin idanunta sun riga sun rufe, ta ji motsinka ta ce, "Habibu, miƙo mini butata." Ka tsaya ka ce, "Iya, nawa?" Ba rashin kunya ka yi ba, tambaya ka yi tsakaninka da Allah, don haka na koya maka. Iya ta juyo da fuska wajen da take jin ƙarar fartanyata ta ce, "Kai, zo ka biya ɗanka in yi alwala, kada lokaci ya fita." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ƙara da cewa, "Ni da na goya ka, na ɗauke kashinka, wa zan kai wa nawa ƙoƙon?"

Saboda haka ka raba aiki gida biyu. Akwai aikin da ba daɗi, wanda yaro ke buƙatar a ɗan ja shi kafin ya saba: ciyawa, shara, tsintar gyaɗa, haddar lissafi. A nan lada ba laifi ba ne, kamar gishirin da ake lasa wa maraƙi ne don ya biyo ka. In ya saba hanya sai a daina. Akwai kuma abin da in ka sa masa farashi ka kashe shi: gaisuwa, salla, taimakon tsoho, faɗin gaskiya. Waɗannan yaro a jikinka zai gani ya ɗauka. Kada ƙwallo ya kusance su.

Akwai wani ƙarami da zan haɗa a nan. Nakan ƙwace ƙwallo in an ɓata mini rai. In na dawo daga gona da yunwa, ko farashin gyaɗa ya faɗi, sai ƙaramin laifi ya ci biyar. In na dawo da fara'a, babban laifi ya wuce kyauta. Kun daina duban aikinku, kun koma duban fuskata tun daga zaure, kamar manomi da hadari. Kuma daga nan aka fara fasa tulu a gidanmu ba a san wanda ya fasa ba. Abin da ka ba yaro don aikin jiya, kada ka ƙwace don laifin yau. Aikin jiya ai an riga an yi shi.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna shekarar da akuyarmu ta haifi 'yar ja mai farin goshi? Na yi shela cewa daga girbi zuwa Babbar Salla ba rake, ba alewa, kowa ya tara. Wanda ya fi yawa, 'yar akuyar tasa ce. Kai ka tashi haiƙan. Ko tsinke ka ɗauke daga hanya sai ka zo ka tsaya a kaina: "Baba, ka gani? Baba, a saka." Sale ma haka, gwargwadon ƙarfinsa. Yayarka kuwa ba ta zuwa. Ka san al'adarmu da 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na jan ta da wasa kamar ku, ita ma ba ta tsayawa a gabana sai da dalili. Kunya ce, haka muka gada, ban taɓa ganin aibinta ba. To amma ni na kafa dokar da sai an zo gabana an faɗa kafin a samu. Wato na shirya tsere, na ɗaure ƙafar mutum ɗaya, na koma gefe ina tafi.

Ranar jajibere na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa hula, na juye ƙoƙuna a gaban kowa. Naka tsibi guda. Na Sale rabin naka. Na yayarka bai rufe tafin hannu ba. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakin nan nawa da ba ya ganin wuri sai ya ce, "Kai, wannan ko kaza aka ba ta sai ta nemi ƙari." Kuka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta tattara 'yan ƙwallayenta, ta koma wajen innarku ta ci gaba da gyaran kayan miya. Na ba ka igiyar akuya. Na kwanta ina ganin na yi adalci.

Iya ta jira sai da aka gama cin naman Salla. Sannan ta kira ni ta ce gwaggonku Tabawa ta Yako tana fama da ciwon baya, a kai mata yarinyar nan ta taya ta kwana biyu. Na ce to, ai ba wani aiki take yi mana a nan ba. Iya ta ce, "Haka ne. Kai ta."

Na kai ta a keke na dawo. Washegari da asuba na miƙa hannu inda butata ke zama, na ɗaga, wayam. Tun da nake ban taɓa tambayar yadda ruwa ke shiga butar nan ba, na ɗauka tsatsowa yake yi. Na fito na tarar kaji sun kwana a waje ba wanda ya rufe akurki, muzuru ya ɗauki rabonsa. Iya na zaune a bakin gado tana jiran mai kama hannunta zuwa bayan gida. Innarku na goye da jariri tana neman wanda zai riƙe shi ta hura wuta. Na ce, "Habibu, kama kakarka." Ka kama ta kuwa, ka bi da ita ta kan turmi. Kafin azahar na gane wanda ke tauna wa Iya goro, wanda ke cire mata ƙaya a tabarma, wanda ke kwashe tokar murhu, wanda ke wanke allunanku in kun watsar. Ko ɗaya ba ya cikin abin da na sa wa ƙwallo, don ban san ana yin su ba. Aikin da aka yi shi da kyau ba ya barin alama, rashinsa ne ke ihu.

Na daure 'yan kwanaki don kada a ce na ji jiki. Iya kuwa kullum sai ta tambaye ni, "Alƙali, yaya shari'a?" Da na gaji na hau keke na nufi Yako. Na tarar da Tabawa garau, tana daka da hannu ɗaya tana surutu da ɗayan. Bayanta lafiya lau, baki suka haɗa da Iya.

Na ɗora yayarka a bayan keke muka kamo hanya. Ba ta magana, ni ma ba na yi, haka muka saba. Sai da muka sauka za mu tura keken a wani yashi, ina gaba tana baya, na ji ta ce a hankali, "Baba, don ƙoƙona bai cika ba aka kai ni wurin Gwaggo?"

Habibu, ni da ba a taɓa rufe mini baki a majalisa ba, na tsaya riƙe da keke kamar an dasa ni. Duk kwanakin nan yarinyar nan tana can tana ganin korar ta aka yi. Ta ɗauka an auna ta ne, ba ta kai ba, aka rage ta daga gida kamar yadda ake rage dabba in ciyawa ta yi wuya. Kuma ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Har ta ce mini in an bar ta ta dawo za ta ƙara himma.

Abin da ya kamata in faɗa a wurin na san shi sarai. Kunya ta hana. Cewa na yi, "Wa ya gaya miki wannan shirme? Hau mu tafi, rana na yi." Da muka iso na kwashe ƙoƙunan na jefa a saman rumbu, na ce wasan ya ƙare. Da 'yar akuyarka ta girma ta haihu, na ba yayarka 'yar farko, ka yi ta kumbure-kumbure, ka tuna. Ta karɓa ta yi godiya. Amma har aka yi mata aure, in ta kawo mini ruwa sai ta ɗan tsaya, kamar mai jiran a duba ko ya yi. Ni na dasa mata wannan tsayuwar, ban kuma iya cire ta ba. Ƙoƙunan suna can ƙarƙashin ruwan dam tare da rumbun. Wani lokaci in ina cikin kwale-kwale, ni manomin da aka mayar masunci da tsufa, nakan ce wataƙila tarwaɗa na can suna tara maki.

To Rabi uwarta ce sak. Ka lura da ita. Ni ina tsokanarta, ina kiran ta amaryata, ina cewa tuwonta ya yi gishiri zan sake ta, ta yi dariya ta ɓoye fuska. Amma ba ta taɓa zuwa ta ce, "Kaka, ka ga abin da na yi" ba. Shekaranjiya da innarku ke ɗaure mata kaya a ɗankwali, na ji ta tambaya, "Inna, in na yi aiki sosai a can, za a bar ni in zo Salla?" Innarku ta ce mata eh, ta juya tana share ido da bakin zane. Ka ga tun ba a ajiye ƙoƙo ba ta fara lissafi. In ka ajiye mata shi kusa da na Iro, a gidan uban Iro, Iro zai cika nasa da baki, ita za ta dubi nata ta karanta matsayinta a ciki.

Ban ce kada ka yi ba sam. Kai malami ne, ka fi ni sanin yara a takarda. In ka ga dole, ka yi wa Iro a kan ciyawa da shara, na ɗan lokaci, har ya saba. In za a sa Rabi, to ƙoƙon ya zama ɗaya, su biyu su zuba a ciki, in ya cika su raba raken tare. Kada ka juye na wani kusa da na wani a gaban mutane. Kada ka jira a kawo maka rahoto, ka tashi ka duba wa ya cika maka buta. In ka gani ka faɗa da bakinka, ka kira sunanta, ita ba 'yar farinka ba ce, ba ka da uzurin da na fake da shi. Ka gaya wa mai ɗakinka wannan ma, da lallashi. Yarinya ce mai kirki, amma hannu yakan saba da aiken wanda ba ya musu.

Kuma ka riƙe bakinka a kan raha. Ka gaje ni, na sani. Wasa da yaro daɗi gare shi, amma ba a kan abin da yake jin kunyarsa ba.

A ƙarƙashin wannan takarda za ka ga ƙulli biyu. Babban tsamiya ce daga innarku, a jiƙa a yi kunu, ƙwallon kuma a zubar a juji inda Allah Ya ajiye shi. Ƙaramin alewa ce ta Rabi. Kada ka jira ta share ɗaki ko ta wanke kwano. Ranar da ka karanta wannan ka kira ta, ka zaunar da ita, ka ba ta. Za ta riƙe ba za ta sha ba, za ta dube ka ta ce, "Kawu, me na yi?" Ka ce mata ba ta yi komai ba. Ka ce ba don wani laifi aka kawo ta ba, ba kuma aiki ne zai zaunar da ita ba, nan gidansu ne, Salla kuma da ita za a zo ko ta kwana tana barci har ranar. Maganar da na kasa faɗa wa uwarta a kan yashin Yako ke nan. Kai ka faɗa wa Rabi ita a madadina.

Innarku na gaishe ku, Sale ma haka. Ka gaishe mini da abokin faɗana Iro, ka ce masa sandata da ya ɓoye na gan ta. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa a garin da ba ku san kowa ba, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya raya yaran nan, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
wanda ake kira Baturen Tsamiya.